Ciyawar da Ta Sa Amarya Atishawa

A ma'ajiyar kayan da ke gefen layin dogo, babu wanda ya san sunansa na yanka in ban da akawun ofis. Direbobi da 'yan dako da masu gadi duk Baba Fartanya suke ce masa, don ba a taɓa ganinsa babu ita a kafaɗa ba. Yana saurayi ya zo wurin neman aikin dako, aka dube shi sama da ƙasa aka ga ba shi da ƙirar ɗaukar buhu, siriri ne, iska mai ƙarfi ma sai ta yi gaba da shi. Sai aka miƙa masa fartanya da tsintsiya da baro, aka ce filin nan naka ne.

Filin kuwa ba na wasa ba ne. Sito-sito ne a jere, tsakuwa shimfiɗe a tsakaninsu, doguwar katanga ta kewaye su. Aikinsa kada a ga ciyawa, domin ciyawa in ta bushe wuta kawai take jira, kayan cikin sito kuma yadi ne da kwali da takarda.

Duk ciyayin filin ya gama da su, ban da guda ɗaya. Ganyenta tsage-tsage ne, kwance yake a kan tsakuwa kamar mai ɓuya. Daga tsakiya sai siririn kara ya miƙe, a samansa ƙananan furanni rawaya, kowane fure da kunnuwa huɗu. In furen ya kaɗe sai ta yi kwanso siriri kamar allura, cike da ƙwayoyi, ka taɓa shi ya fashe ya watsa maka aikin baɗi. Saiwarta doguwa ce, in ka ja sai ta tsinke ta bar rabi a ƙasa. Ba ruwanta da ruwa. Lokacin da sauran ciyayi suka ƙone da rana, lokacin take fitowa da kwalliyarta. Bai san sunanta ba, kuma duk wanda ya tambaya bai sani ba, sai ya raɗa mata Kunnen-ƙashi. Yakan tsuguna a kanta yana mata faɗa kamar ɗiyar maƙwabci.

"Ke dai ba ki da kunya. Ba jiya na cire ki a nan ba?"

A bakin ƙofar ma'ajiyar ya samu matar aure. Uwarta ce ke sayar wa ma'aikata abincin rana, ita tana zubawa. Shi kullum sai 'yan dako sun gama turereniya yake zuwa, ya tsaya daga gefe yana goge hannu a wando, har ta lura, ta fara ɓoye masa yanka ɗaya a ƙasan tukunya. Da aka yi auren ya kira ta Amarya, kuma bai sake ba. Suka haifi namiji, wanda ya girma ya zama direban babbar mota, sai a yi watanni ba a gan shi ba, da mace, Auta, wadda ta koyi ɗinki ta yi aure a unguwar da ke bayan tasu. Amarya ta yi furfura, gwiwa ta fara ciwo, amma Amarya dai take a bakinsa. Ita kuma Malam take ce masa, sai in ta so tsokana ta ce Sarkin Ciyawa.

Bayan rasuwar uwarta ita ta gaji tukwanen, kuma ta fi uwar suna. Duk sirrinta a hanci yake. Tana tsakar gida tana wanki za ta ɗaga kai ta ƙwala wa maƙwabciya kira ta kan katanga, "Maman yara, miyarki ta fara kamawa!" Kuma haka ne. Ba ta auna gishiri, ba ta kallon agogo, sai ta buɗe murfi ta shaƙa ta ce saura kaɗan. Shi ma bai tsira ba. Duk ranar da ya wuni yana tumɓuke Kunnen-ƙashi, tun daga ƙofa za ta tare shi.

"Yau kun gwabza da abokiyar gabarka ke nan. Ga sabulu can, kada ka taɓa min kwano da wannan hannun, yajinsa har cikin hancina."

A shekarar da ruwan sama ya yi gardama, famfo ya koma zuwa sai ya ga dama, zazzaɓi mai nauyi ya kwantar da ita. Aka yi kwanaki a asibiti, shi yana zaune a kan benci da fartanyarsa jingine a waje, don daga aiki yake zuwa kai tsaye. Allah ya ba ta lafiya aka sallame ta. A hanyar gida suka bi ta gaban mai gasa burodi, ta tsaya ta dubi shagon, ta dube shi.

"Malam, yau ba su gasa ba ne?"

Ga hayaƙi na tashi, ga ƙanshi ya cika titi. Ya kama hannunta suka wuce.

Hancin ya tafi, ɗanɗano ma ya bi shi. Likita ya ce hakan na faruwa bayan irin wannan ciwo, wani ya dawo masa, wani ba ya dawowa, sai dai a yi haƙuri a gani. Ta koma bakin ƙofar ma'ajiya da tukwanenta, tana girki da ido da tunani. Mutanen kirki ne, suka riƙa ci suna shiru, amma ita ce ke wanke kwanukan, tana ganin abin da ake ragewa. Rannan wani sabon ɗan dako da bai san zancen ba ya kai loma ya ce, "Mama, yau buhun gishirin ne ya faɗa ciki?" Abokansa suka harare shi, amma magana ta riga ta fita. Ta yi murmushi ta ce ya yi haƙuri. Da yamma ta kira 'yar ƙanwarta ta damƙa mata tukwane da ludayi da bencin, ta ce daga gobe ke ce mai wurin.

Daga nan ta zauna. Ba ta kuka, ba ta ƙorafi, sai dai ta ɗauki kujera 'yar tsugunno ta zauna a inuwar ƙofar ɗaki tana kallon bango. Abinci kuwa in ta kai baki sai ta ce kamar tana tauna tsumma. Auta ta gwada ba ta barkono, ya ƙona mata harshe ya tayar mata da ciwon ciki, ba wani abin da ta ji bayan zafin. Ta rame har zoben hannunta ya fara zamewa, ta cire ta ajiye a kan taga.

Shi ya karɓi girkin gida. Mutumin da bai taɓa soya albasa ba sai ga shi durƙushe gaban risho yana hawaye. Yakan ajiye mata kwano ya zauna kusa.

"Amarya, ki gode wa Allah da ba kya jin ɗanɗanon wannan. Ni da nake ji, ni ne abin tausayi."

Sai ta ɗan murmusa don kada ta ba shi kunya, ta yi loma biyu, ta ture kwanon.

A wurin aiki komai ya bushe. Itacen da masu gadi ke fakewa a ƙarƙashinsa ya zubar da ganye, 'yan furannin da aka shuka a gaban ofis sun zama kara. Kunnen-ƙashi kaɗai ke cin kasuwarta, ta bi gindin katanga ta yi rawaya shar. Ya riƙa sauke mata haushin da bai da inda zai kai shi, yana sara yana tumɓukewa har bayansa ya riƙe.

Wata Asabar da hantsi yana gyara ƙafar kujera a tsakar gida, ita kuma ta jawo kayan aikinsa tana kakkaɓewa kafin a jiƙa, don wanki ne kaɗai aikin da ta ƙi sakin masa. Daga naɗin ƙafar wandon wani ɗan reshe ya faɗo, da ganyensa da furensa, ya ɗan yi yaushi. Ta ɗauka tana jujjuyawa, hankalinta na wani wuri, ta kai baki ta ciza kamar yadda mutum ke cizon tsinke.

Sai ya ji atishawa. Ya ɗaga kai ya ce mata sannu. Ta sake yi, ta sake, idanunta suka kawo ruwa. Ta dafe karan hancinta da yatsu biyu, ta zauna daɓas a kan bokitin da ke kife.

"Malam."

"Lafiya? Me kika ci? Tofar!"

"Malam, ya hau. Ya hau nan." Ta nuna tsakanin idanunta. "Na ji shi. Yaji-yaji, ɗaci-ɗaci, kamar... kamar hannunka."

Ya saki guduma ya zo ya tsuguna a gabanta. Ta sake cizon ganyen a hankali, ta rufe ido tana taunawa, hawaye na bin kumatunta, shi kuma bai san ko na yajin ne ko na wani abin ba. Can ta buɗe ido ta ce, "Akwai sauran shinkafar jiya?"

Ƙonanniyar shinkafarsa ce, amma ta yayyaga sauran ganyen a kai ta ci rabin kwano.

Da Auta ta zo da yamma ta ji labari, ba ta yi murna ba tukuna. Ta riƙe haɓa.

"Baba, ciyawar bakin katanga fa! In guba ce fa? Ku da kuke cewa ko akuya ba ta cika kula ta ba?"

"Akuya ba ta shigowa ma'ajiya, ina za ta gan ta?"

"Ni dai kada Mama ta ƙara ci sai na tambayo."

Ranar Litinin ya tumɓuko wa Auta guda da saiwarta, ta naɗe a takarda ta kai wa mai shagon iri da kayan gona da ke kusa da shagon ɗinkinta. Mutumin ya saka tabarau ya ƙirga kunnuwan furen, ya fasa kwanso a tafin hannu, ya murje ganyen ya shaƙa. Ya ce dangin wani ganye ce ta daji da Turawa ke kira mastad, danginsu ɗaya da kabeji, kuma irinta mutane na ci a wurare da yawa. Sai dai a wanke sosai, kada a tsinko inda aka yi feshi ko inda motoci ke zubar da baƙin mai, kuma a gaya wa likitan uwarta. Likitan ma da aka je ya ce ba laifi, a ci kaɗan-kaɗan saboda cikinta, abin da yake so dai ta ci abinci.

Baba Fartanya ya daɗe yana jinjina zancen. "Kabeji," in ji shi. "Wannan 'yar iskar ce 'yar uwar kabeji? Lallai kowane gida da nasa."

Daga ranar aikinsa ya rikice. Da safe ya sare ta a gaban sito-sito kamar yadda ya saba, amma in ya kai bayan sito na ƙarshe, inda mota ba ta zuwa, sai ya jingine fartanya ya tsuguna yana zaɓar ganye masu taushi, waɗanda ba su kai ga fure ba, don ya lura sun fi daɗin ci a wurinta. Ya zuba a tsohon gwangwanin madara ya rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle. Har ya daina yi mata faɗa, sai dai wani lokaci ya ce, "To, ke ma ashe da ranarki."

Ana haka sai ga manaja ya kira shi ofis. Manajan yaro ne, sa'an ɗansa, mai fara'a. Ya nuna masa wata jarka da injin feshi na goyo sabo fil a kusurwa.

"Baba, albishirinka. Abin da ka daɗe kana roƙo ya iso. Maganin ciyawa ne, feshi ɗaya ka huta da sunkuyo. Gobe a fara daga bayan katanga."

Shekara da shekaru yana naci a kan wannan magani, manajoji nawa suka zo suka tafi yana yi musu zancen. Ya tsaya yana kallon jarkar, yana murza hularsa a hannu.

"Ranka ya daɗe, na gode. Amma ina da roƙo."

"Faɗi, Baba."

"A bar min bayan sito na ƙarshe. Kada a fesa."

Manaja ya yi dariya, ya ɗauka wasa ne. "Kai da Kunnen-ƙashi? Yaushe aka shirya ba a gayyace mu ba?"

Shi ba mai yawan magana ba ne, balle zancen gidansa a ofis. Amma ya ga babu hanya, sai ya faɗa, yana kallon ƙasa: ciwon, da tukwanen da aka bayar, da zoben da ke kan taga, da atishawar. Manaja ya daina dariya. Ya ce shi ma ya ci abincin Mama farkon zuwansa, ya yi ta mamakin inda ta shiga.

"An bar maka, Baba. Amma ka san dokar wuta. Da ta fara bushewa ka sare ta, kada in ga busasshen kara ko ɗaya."

"Ai ni da ita mun san juna. Ba za ta bushe a gabana ba."

Duk da haka hankalinsa bai kwanta ba, don ya san ya kusa ajiye aiki, kuma manaja ba ya dawwama. Sai ya tara ƙwayoyin a ƙullin leda ya kawo gida. Ya samo tsofaffin robobin fenti ya huda gindinsu, ya cika da ƙasa mai kyau da taki, ya jera a inuwa. Ruwan da suke tarawa da ƙyar, sai ya rage na wankansa ya zuba musu safe da yamma. Suka tsiro, suka yi tsawo, fari-fari, marasa ƙarfi, sannan suka ruɓe daga gindi suka kwanta. Ya sake shukawa, aka sake haka. Wanda ya ɗan rayu, Amarya ta ɗanɗana ta yamutsa fuska.

"Wannan ai lami ne. Ka shagwaɓa ta, Sarkin Ciyawa. Shekara nawa kana kashe ta ta ƙi mutuwa, yau ka so ta ta mutu. Hannunka dai!"

Ta yi dariya har da riƙe ciki, irin dariyar da ya manta rabon da ya ji. Ya tsaya da robar a hannu yana kallonta, bai damu da cewa shi ake yi wa ba.

Ciyawar ba ta taɓa yarda da gidansu ba. Da lokacin ajiye aikinsa ya yi, aka yi masa ɗan taro a gaban ofis, aka ba shi agogon bango, 'yan dako suka ce fartanyar ma a bar masa, ai ta saba da kafaɗarsa. Sai ya zama ba ya da dalilin zuwa ma'ajiya kullum, ganyen kuma ba ya kwana biyu bai yi yaushi ba. Rannan da safe yana neman takalmi, ta fito da mayafinta da sandar da likita ya daɗe yana cewa ta riƙa tafiya da ita tana ƙi.

"Ina zuwa?"

"Inda za ka. Kai ba ka iya zaɓe ba, jiya duk tsofaffi ka kwaso min."

Suka fita tare. Ba su kai ma'ajiyar ba ma, don a wani kangon fili bayan makarantar unguwa, cikin fasassun bulo, ta hango rawaya. Nan ya zama wurinsu. Kullum da sanyin safiya a gan su, shi a gaba da gwangwani, ita a baya tana dogara sanda tana ba da umarni, wancan, a'a, na kusa da dutsen. In ta gaji su zauna a kan wani bulo su huta, masu wucewa suna gaishe su.

Sannu a hankali wasu abubuwan suka dawo mata. Gishiri ya fara dawowa, sai tsami, sai wani abu mai kama da zaƙi. Ta karɓe rishonta daga hannunsa ta ce ya isa haka, ya azabtar da tukwanenta. Yanzu ita ke girki shi ke ɗanɗanawa, ta miƙo masa ludayi ta tsare shi da ido, in ya ce ya yi ta ce ƙarya yake, ya sake. Wani lokaci takan leƙa bakin ƙofar ma'ajiya ta zauna kusa da 'yar ƙanwarta tana gyara mata yankan albasa. Amma ƙanshi bai dawo ba. Burodi, turare, albasa a mai, duk shiru. Ta daina tambaya, shi ma ya daina ambata.

Shekara ta zagayo Auta ta haihu, mace. Suka je asibiti da rana tsaka, aka miƙo wa kaka jaririyar a naɗe cikin tawul. Amarya ta karɓa ta rungume, kuma kafin ta yi tunani ta sunkuya ta kai hancinta kan 'yar, ta ja numfashi mai tsawo, kamar yadda ta yi wa nata biyun. Ya ga kafaɗunta sun tsaya. Ta sake shaƙa. Sannan ta ɗago a hankali, ba ta bari Auta ta ga fuskarta ba, ta juya wajensa ta yi ƙasa da murya.

"Malam, zo ka shaƙa min. Ka faɗa min yadda take."

Ya matso ya sunkuya, hularsa na neman faɗuwa. Ya shaƙa yana neman kalma, shi da bai taɓa kwatanta ƙanshin komai ba a rayuwarsa.

"Kamar madara mai ɗumi," ya ce. "Da sabon yadi. Da... wani abu kamar cikin tafin hannu in an tashi daga barci."

"Sai me?"

Ya sake shaƙa, ya ɗan ja baya. "Sai kuma ina jin ta yi mana tsaraba a cikin tawul ɗin nan."

Auta ta fashe da dariya daga kan gado tana cewa wayyo cikina, ku bari. Amarya ta kai masa duka a hannu da gefen mayafi, tana dariya tana share ido. Sannan ta kwantar da jaririyar a cinyarta, ta fara warware tawul ɗin, ta ce masa ya daina tsayuwa kamar baƙo ya miƙo mata ruwan ɗumi.